Ede: Garin da ake karanta jini kamar littafi

Ɗiyar yayata ce ta jawo wannan tafiya, ko da yake ita ba ta sani ba. Tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma a hutun da ya wuce ta same ni da shawarar da ta riga ta yanke. Ta ce, "Kawu, ni fa Bayoloji zan karanta a jami'a. Lissafi kuwa, da na samu kiredit ɗina, ba ni ba shi har abada." Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin ni ma haka na faɗa ina kamarta. A lokacin wani malaminmu ya ɗaure mini gindi, ya ce Bayoloji hadda ce da zane. Na haddace sassan fure, na zana ƙashin zomo har ya fi na littafi kyau, na jefar da Lissafi a bayan aji. Sai daga baya na gane abin da na yi wa kaina.

Saboda haka da wani aiki ya kai ni Osogbo, babban birnin Jihar Osun, sai na ware yini guda na leƙa Ede. Na daɗe ina jin cewa a can akwai wurin da masana Bayoloji ke yini a gaban kwamfuta, kuma ina so in gani da idona kafin in sake buɗe baki a gaban yarinyar nan.

Ta Mokwa muka bi. Muka tsallake Kogin Neja a gadar Jebba da hantsi, ruwan ya shimfiɗu hagu da dama, masunta na ta harkarsu a ƙasa. Ku riƙe wannan kogin a ranku, zai sake dawowa cikin labarin. Daga nan Ilorin, sai Offa, sai Ikirun, ƙasa tana ƙara kore, itatuwan kwakwar manja da na koko suna maye gurbin ɗorawa da kaɗanya. Tayarmu ta fashe sau ɗaya, muka yi awa guda a bakin titi muna cin gasasshiyar agada da gyaɗa. Da magariba muka shiga Osogbo.

Washegari na hau ƙaramar bas zuwa Ede. Tafiyar ba ta kai ta awa guda ba. Ede tsohon garin Yarabawa ne a bakin Kogin Osun, sarkinsa kuma ana kiransa Timi. Mutanen garin suna ba da labarin cewa Timi na farko, Agbale, maharbi ne da Alafin na Oyo ya turo ya tsare wannan iyaka, kuma wai kibiyarsa wuta take ci. Wani Timi na baya-bayan nan, Oba Adetoyese Laoye, ya yi suna a duniya da kiɗan gangar Yarabawa mai magana, 'yar uwar kalangunmu. Tsohon layin dogon da ya haɗa Legas da Kano ya ratsa ta garin, ga masallatai ko'ina, ga wata unguwa da ake kira Oke Gada, sunan da ya sa na ɗaga kunne kamar an kira ni. Na ci amala da miyar ewedu a wata rumfa, na sayi goro ɗanye a wurin wani mutumin Sakkwato da ya ce ya fi shekara ashirin a nan. Gari ne mai natsuwa. In ba an faɗa maka ba, ba za ka taɓa zaton cewa masana daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa nan neman ilimi ba.

Abin da ke kawo su yana bayan gari, ta wajen Akoda, a kan hanyar Gbongan zuwa Osogbo. Nan Jami'ar Redeemer's take, wadda aka kafa a 2005, kuma a cikinta akwai cibiyar da ake kira ACEGID, wato cibiyar Afirka ta nazarin ƙwayoyin gado na cututtuka masu yaɗuwa. Tana cikin jerin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa a jami'o'in Afirka, irin tsarin da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero ta Kano ita ma ta samu shiga. Wanda ya kafa ta, yake kuma jagorantarta, shi ne Farfesa Christian Happi.

Tarihin karatunsa ya cancanci ɗalibi ya tsaya ya duba, domin bai bi hanya miƙaƙƙiya ba. A Kamaru aka haife shi, a garin Sangmelima, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Yawunde a fannin sinadaran jikin halittu. Daga nan ya tsallako Najeriya, Jami'ar Ibadan, inda ya yi digiri na biyu, ya kuma kammala digirin digirgir a 2000. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne zazzabin cizon sauro, musamman dalilin da ya sa magungunan da aka saba da su, irin su kulorokwin da Fansidar, suka daina jin magana. Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labarin kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa. Maganin nan bai lalace ba. Ƙwayar cutar ce ta canja, kuma canjin ɗan ƙarami ne ƙwarai a cikin rubutun gadonta. Wanda yake son ganin wannan canji dole ya iya karanta rubutun.

Neman wannan karatu ya kai shi Jami'ar Harvard a Amurka, inda ya yi shekaru yana bincike. Mutane da yawa in suka kai can sai dai a ji labarinsu. Shi ya dawo. Hujjarsa, wadda ya sha nanatawa a bainar jama'a, ita ce bai kamata a riƙa ɗibar jinin marar lafiya a Afirka ana kai shi Turai ko Amurka ba, a zauna jiran sakamako makonni, alhali mai jinin yana kwance. Ya yi aiki da Farfesa Pardis Sabeti ta Harvard da likitocin Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo wajen ƙarfafa gwajin zazzabin Lassa a cikin gida. An kafa ACEGID jim kaɗan kafin wata jarrabawa da ba wanda ya shirya mata.

Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ba shi da lafiya. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta hana shi barin asibiti. Amma zargi daban, tabbaci daban, kuma Legas gari ne na miliyoyin mutane. Ɗakin gwajin Farfesa Happi yana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa Ebola ce, ba tare da an jira amsa daga ƙetare ba. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, ciki har da ita Dokta Adadevoh, kuma ranar 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan. A watan Agusta na shekarar, wata tawaga da Happi ke cikinta ta fitar da rubutun gadon ƙwayar Ebola guda 99 daga marasa lafiya 78 a Saliyo, ta kuma zuba su a intanet kyauta don kowane masani ya duba. Mutum biyar daga cikin waɗanda suka yi aikin Ebolar ta kashe su kafin a buga sakamakon, ciki har da Dokta Sheik Humarr Khan. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka aikin danna kwamfuta ne kawai a ɗaki mai sanyi.

Da korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, cibiyar nan ta Ede, tare da haɗin gwiwar hukumar NCDC da wasu cibiyoyin Legas, ta karanta rubutun gadon ƙwayar cikin kwanakin da ba su wuce uku ba. Shi ne na farko da ya fito daga nahiyar Afirka. A 2025 mujallar Time ta saka Farfesa Happi cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya.

To, mene ne wannan rubutu da nake ta ambata, kuma yaya ake karanta shi? Ɗakunan da ake taɓa jini ba wurin baƙo ba ne, kuma ni ma ban yi gardama ba. Can akwai firji masu sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da ma'aikata cikin safar hannu da takunkumi. Inda na samu izinin zama shi ne wani aji mai tebura da kwamfutoci, inda wata malama matashiya ke koyar da darasin da ake kira bayo-infomatiks, wato nazarin halittu ta hanyar kwamfuta. Babu madubin ƙara girma a ɗakin, babu kwaɗo a kwalba, babu ko ganye ɗaya. Baƙin allo ne a fuskar kowace kwamfuta, da fararen haruffa suna gudu.

Kun san DNA daga littafin Bayoloji, wannan igiya mai murɗe-murɗe da ke cikin ƙwayoyin jiki. Abin da littafin bai cika jaddadawa ba shi ne igiyar rubutu ce, mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Duk umarnin gina jikinka an rubuta shi da waɗannan huɗun, kuma tsawonsa ya kai haruffa biliyan 3. In ka zauna kana karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi shekara 95 ba ka ajiye ba. Na ƙwayar zazzabin cizon sauro miliyan 23 ne. Na korona kusan dubu 30, na Ebola kusan dubu 19, na Lassa dubu 10 da ɗoriya. Su waɗannan ukun na ƙarshe da RNA suke ajiye nasu, ɗan uwan DNA, sai an fara mayar da shi DNA kafin a ba na'ura.

Matsalar ita ce na'urar ba ta iya ɗaukar igiyar daga farko har ƙarshe. Irin wadda aka fi amfani da ita guntu-guntu take karantawa, haruffa kamar 150 a lokaci guda, amma guntayen miliyoyi ne, a cakuɗe, kuma yawancinsu ma na jikin marar lafiyar ne, ba na cutar ba. Malamar ta kwatanta shi da mutum ya sayi wannan jarida kwafi dubu, ya yayyaga su, ya zuba a buhu tare da yagaggun littattafan makaranta, sannan a ce ka fito da shafin farko. Dabarar ita ce neman inda ƙarshen wani guntu ya yi daidai da farkon wani. Ta rubuta guda uku a allo:

TACGGA
GGATCC
GATTAC

Ta ce a haɗa. Ku ma ku ɗauki biro ku gwada kafin ku ci gaba. Na ukun ya ƙare da TAC, na farkon kuma ya fara da TAC, saboda haka sai su hau juna su ba da GATTACGGA. Wannan ya ƙare da GGA, na biyun ya fara da GGA. Amsa ita ce GATTACGGATCC. Na samu amsar, har na ɗan ji daɗin kaina. Sai ta ce to, yanzu a yi wa guntaye miliyan biyar haka, wasu da kuskure a cikinsu, wasu kuma suna maimaita kansu. Nan ne biro ke ajiye aiki. Dole a rubuta wa kwamfuta umarni, kuma dole mai rubutawar ya san yadda zai auna ko wani harafi da ya bambanta canji ne na gaskiya ko kuskuren na'ura. Idan guntaye 200 sun ce A, guda 2 sun ce G, wa za ka gaskata? Idan 120 ne da 80 fa? Wannan ba hadda ba ce. Darasin yiwuwa ne da ƙididdiga, wanda ni na yi barci a kansa a aji biyar.

Abin da ya fi burge ni a koyarwarta shi ne ba ta fara da abu mai nisa ba. Ta tambayi ajin wa ya san jinotayif ɗinsa, hannaye suka tashi, AA da AS. Sai ta buɗe rubutun da ke gina jan sinadarin jini, ta nuna cewa jiki uku-uku yake karanta haruffan. Huɗu sau huɗu sau huɗu ya ba da 64, kuma da waɗannan kalmomi 64 ake kiran tubala 20 da ake gina furotin da su. A kalma ta shida, mafi yawan mutane suna da GAG. Mai sikila yana da GTG. Harafi ɗaya ke nan cikin biliyan 3. Duk ciwon ƙashi da kwanan asibiti da ƙarin jini, duk auren da aka fasa bayan gwaji, daga wannan harafin suka taso. Ajin ya yi tsit. Ni kuwa na tuna wani abokina na firamare da muka rabu da shi tun muna aji shida.

Ɗaliban ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne wahalar koyar da darasin. Akwai waɗanda suka fito daga Bayoloji da aikin ɗakin gwaji, sun san ƙwayar cuta ciki da waje amma hannunsu na rawa a kan baƙin allon nan. Akwai waɗanda suka fito daga ilimin kwamfuta, yatsunsu na gudu amma ba su san me ya sa T ke haɗuwa da A ba. Sai ta zaunar da su biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Na ga wani magidanci da ya girme ta nesa ba kusa ba yana ɗaga hannu yana cewa, "Malama, ta sake ƙi." Ta zo ta duba, ashe tazara ɗaya ya manta tsakanin kalmomi biyu. Kwamfuta ba ta da kara. Ita malamar ba ta danna masa ba, ta sa shi ya karanta abin da na'urar ta rubuto da babbar murya har ya gano da kansa. A ganina wannan ya fi duk wani bayani da ta yi a ranar.

Kayan aikin nasu ma ba a kulle suke ba. Harsunan kwamfuta da suke koyo, Python da R, kyauta ne. Akwai wani rumbu a Amurka mai suna GenBank, wanda aka buɗe a 1982, inda masana na duniya ke zuba rubutun gadon da suka karanta, kowa kuma yana iya shiga. Akwai manhajar BLAST, tun 1990, wadda za ka liƙa mata haruffa ta bincika rumbun ta faɗa maka da wace halitta suka yi kama. Da wayar da ke gidanku da ɗan data za a iya gwada ta. Fannin kansa ya girmi intanet. Wata Ba'amurkiya, Margaret Dayhoff, ta tattara jerin tubalan furotin da aka sani a zamaninta da taimakon kwamfuta, ta buga su a littafi a 1965, lokacin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki.

Sai bayan hutun rabin rana muka zo kan kogin. Zazzabin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa a kudancin Jihar Borno, inda aka fara gane shi a 1969, kuma wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, yana zuba shi a abinci ta fitsari da kashi. A farkon 2018 masu kamuwa suka yi yawa fiye da yadda aka saba, hankalin hukumomi ya tashi. Tambayar ita ce, ko ƙwayar ta canja ne ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi kamar Ebola? Amsar tana da muhimmanci, domin ita za ta nuna inda za a zuba kuɗi da ma'aikata. Masanan ACEGID da na Irrua da abokan aikinsu suka karanta rubutun ƙwayar daga marasa lafiya, suka jera su a kwamfuta, suka zana musu bishiyar zuri'a, irin wadda ake zana wa gidan sarauta. Da a ce mutum ne ke shafa wa mutum, da rubuce-rubucen sun yi kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Sai aka tarar sun bambanta sosai. Ma'ana yawancin mutanen kowa daga ɓeran unguwarsu ya kwaso, kuma ba wata sabuwar ƙwaya da ta ɓullo. Yaƙin yana rumbu da madafa, a rufe abinci, a daina shanya shi a ƙasa, a kori ɓera.

Bishiyar ta nuna wani abu kuma. Rassanta sun rabu ne daidai da yadda Kogin Neja da Kogin Binuwai suka raba ƙasar nan. Ƙwayoyin arewacin kogunan danginsu daban, na kudu maso yamma daban, na kudu maso gabas daban. Dalilin da masanan suka kawo mai sauƙi ne, ɓera ba ya tsallake babban kogi yadda ya ga dama. Na zauna ina kallon layukan nan masu launi a allo ina tuna faɗin ruwan Jebba. Mutumin da bai taɓa ganin taswirar Najeriya ba zai iya hango kogunanmu daga cikin haruffan da aka ciro a jinin marasa lafiya.

Ba zan ɓoye muku wahalar fannin ba. Yana cin wuta, yana cin data, sinadaran da na'urorin ke sha daga waje ake sayo su da dala, kuma wanda ya ƙware ƙasashen waje na zawarcinsa. Wani lokacin ɗalibi zai yi mako guda yana neman kuskure ɗaya. Kuma ba cuta kaɗai ake bi da shi ba. Rubutun gadon wake, wannan dai na ƙosai da alala, an fitar da shi a 2019, daga wani iri da cibiyar IITA ta samar, wadda hedkwatarta ke Ibadan, tana kuma da reshe a Kano. Masu neman irin da zai jure fari da ƙwari da irin wannan karatu suke aiki.

Da la'asar na fito. Na yi salla a wani ƙaramin masallaci kusa da tasha, na hau bas ɗin Osogbo. A hanya na tura wa mahaifiyar yarinyar guntayen nan uku ta WhatsApp, na ce a ba ta ta haɗa, ban yi wani bayani ba. Kafin mu shiga gari amsa ta iso, daidai take, har da alamar dariya. Minti biyu bayan nan sai ga wani saƙon: "Kawu, to idan guntaye biyu duk suka fara da TAC fa, wanne zan ɗauka?"

Na daɗe ina kallon wayar. Kwandasta yana ta buga ƙofa yana kiran Oke Fia, ni kuwa ina laluben takardar da na rubuta lambar malamar a kai.